Idan Taga Ta Ƙame, Ina Babban Zare Yake Tsaye?

Wanda ya fara koyon rubuta manhaja a baƙin allon umarni ya saba da tafiya ɗaya: layi na farko ya gudana, na biyu ya biyo baya, har a kai ƙarshe a rufe. Ragama tana hannunsa. Ranar da ya koma gina manhaja mai taga da maɓallai, sai ragamar ta kuɓuce masa bai ankara ba. Da can shi ke kiran kowa, yanzu kuwa shi ake kira, kuma ba shi ke zaɓar lokacin ba. Yawancin matsalolin da nake gani a kod ɗin masu koyo, da ma na waɗanda suka daɗe a harkar, daga nan suke tasowa, ko da wane kayan gina taga suke aiki, Tkinter na Python, ko Qt, ko Swing na Java, ko WinForms.

A cikin kowace manhaja mai taga akwai wani madauki da ke juyawa tun daga buɗewa har rufewa. A Tkinter sunansa mainloop, a Qt kuma exec. Aikinsa shi ne ya ɗauko saƙo daga layi, ya miƙa wa wanda ya dace, ya dawo ya ɗauko na gaba. Danna maɓalli saƙo ne. Motsa linzami saƙo ne. Hatta umarnin da ake aiko wa taga cewa ta sake zana kanta, shi ma saƙo ne da ke bin wannan layi. Kamar ma'aikaci guda ne a bakin teburi da dogon layi a gabansa, in mutum ɗaya ya riƙe shi da dogon bayani, kowa sai ya tsaya. Zare, wato thread, jerin umarni ne da ke gudana ɗaya bayan ɗaya, kuma manhaja na iya samun fiye da ɗaya a lokaci guda. Zaren da wannan madauki ke gudana a kansa shi nake kira babban zare.

To ga yadda abin ke faruwa. Ka ɗaura wa maɓalli aikin sauko da fayil daga intanet, ko neman wani abu a rumbun bayanai. Mai amfani ya danna, aikin ya fara, babban zare ya tsaya jiran amsa. Muddin aikin bai kammala ba, babu mai ɗauko saƙo. A Windows, in taga ta yi daƙiƙa 5 ba ta karɓi saƙo ba, sai a dusashe ta a rubuta "Not Responding" a samanta. Manhajar nan lafiyarta ƙalau, aiki take yi, amma mai amfani bai san haka ba, kashe ta zai yi. Wannan ne kuma ya sa rubutun "Ana lodawa" da ka sa ya bayyana kafin aikin ya fara ba ya taɓa fitowa. Ka canza rubutun, gaskiya ne, amma zana shi a allo yana can bayan layi yana jiran aikinka ya ƙare. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa kusan milisakan 16 kawai yake ba ka tsakanin hoto da hoto. Duk abin da ya wuce haka sosai a babban zare, ido zai fara ganin tangarɗa.

In taga ta ƙame, ni dai ba na fara karanta kod ina hasashe. Abu na farko, ina duba nauyin da manhajar ta ɗora wa furosesa. In ta cinye ƙwaya guda ta furosesa kaf, to wani madauki ne ke juyawa ba ya fita, ko lissafi mai nauyi. In kuwa shiru take ba ta cin komai, jira take yi: ko intanet, ko faifai, ko wani zaren. Sai in tsayar da ita a cikin dibaga, wato manhajar bin sawun kuskure, a daidai lokacin da take ƙame, in duba layin da babban zare yake tsaye. A Java, jstack zai zayyano maka duk zaruruwan, ka nemi mai suna AWT-EventQueue-0. A Python, py-spy yana iya leƙa manhajar tana gudana ba tare da ka taɓa kod ɗinta ba. Sau da yawa layin da ya nuna maka shi ne amsar gaba ɗaya.

Akwai wani magani da ake yawan bai wa masu koyo wanda ba na so ko kaɗan: a saka processEvents na Qt, ko DoEvents na WinForms, ko update na Tkinter a tsakiyar dogon aikin, don taga ta riƙa numfashi. Yana aiki a kallon farko, shi ya sa yake da farin jini. Amma ka duba abin da ka buɗe wa ƙofa. Tun da saƙonni sun dawo suna shiga alhali aikinka bai ƙare ba, mai amfani zai iya sake danna maɓallin nan, aikin ya sake farawa a cikin na farko. Zai iya rufe tagar, aikin kuma ya ci gaba da rubutu a kan abin da babu shi. Haka sleep, ba shi da gurbi a babban zare. In jinkiri kake so, after na Tkinter ko QTimer na Qt za su kira ka in lokaci ya yi, madauki kuma na ci gaba da juyawa.

Maganin gaskiya shi ne a kai dogon aikin wani zare daban. Sai dai nan ne matsala ta biyu take, kuma ta fi ta farko wuyar kamu. Kusan duk waɗannan kayan aiki suna da doka ɗaya: babu mai taɓa maɓalli, ko rubutu, ko tebur na taga sai babban zare. Zaren aiki ya yi lissafinsa, in ya gama ya aika da sakamako, babban zare ne zai rubuta a allo. Kowanne yana da hanyar aikawa tasa. Swing yana da invokeLater da SwingWorker, WinForms yana da Invoke da BeginInvoke, WPF yana da Dispatcher, GTK yana da idle_add, Qt kuma da sigina ake aikawa. A Tkinter na fi son hanya mafi sauƙi: zaren aiki ya zuba sakamako a queue, wato layin ajiya, babban zare ya riƙa leƙawa da after.

Abin da ya sa wannan dokar take da haɗari shi ne karya ta ba koyaushe take nuna alama nan take ba. WinForms yana da kirki a nan, in kana cikin dibaga zai jefo maka InvalidOperationException ya gaya maka ka tsallaka zare. Swing kuwa ba ya cewa uffan. Manhaja za ta yi aiki yau, ta yi gobe, jibi tebur ya fito da layi a maimaice ko ta faɗi gaba ɗaya, kuma a wurin da bai shafi inda ɓarnar take ba. Duk lokacin da aka ce mini kuskure yana zuwa ne jefi-jefi, kuma manhajar tana da zare fiye da ɗaya, nan nake fara dubawa. Ina sa kowane wurin da ke taɓa taga ya rubuta sunan zaren da yake kai. Ba a daɗewa mai laifi yake bayyana.

Masu Qt suna da wani tarko nasu na daban. QThread, wato abin da Qt ke buɗe sabon zare da shi, shi kansa yana zaune ne a zaren da ya ƙirƙire shi. Abin da ke cikin run ne kaɗai ke gudana a sabon zare. Don haka in ka ƙara masa wani aiki ka kira shi kai tsaye daga maɓalli, a babban zare zai gudana, taga ta sake ƙamewa, kai kuma kana rantsuwa ka riga ka raba zare. Ko da ka yi amfani da moveToThread, kiran aiki kai tsaye ba ya tsallaka zare, sigina ce ke tsallakawa.

Sai kuma ƙamewar da ba ta da ƙarshe. Babban zare ya tsaya da join yana jiran zaren aiki ya gama, shi kuma zaren aiki ya kira Invoke ko invokeAndWait yana jiran babban zare ya karɓi saƙonsa. Kowa na jiran kowa, furosesa shiru. In ka ga haka, cire jiran daga babban zare, ka bar zaren aiki ya sanar in ya kammala.

Tambaya ta biyu da nake yi wa kowace manhaja, bayan ta zare, ita ce wa ke riƙe da wannan abu. A PyQt, wato Qt na Python, mutum zai ƙirƙiri sabuwar taga a cikin wani aiki, ta walƙa ta ɓace. Dalili shi ne sunan da aka ajiye ta a ciki ya mutu da ƙarewar aikin, Python ya ga babu mai riƙe da ita, ya share ta. Irin wannan ne ke sa hoto ya ƙi fitowa a Tkinter, gurbinsa na nan amma fanko: an share PhotoImage ɗin saboda babu wanda ya ajiye shi a gefen Python. Ajiye shi a jikin self, shi ke nan. Akasin haka ma na faruwa. Qt ya riga ya goge abin a ɓangaren C++, misali don an rufe uwar tagarsa, amma Python na riƙe da kwasfarsa, da ka taɓa sai RuntimeError ya ce an goge shi. A C# kuma sai ka ga taga an rufe ta amma ta ƙi barin memori, saboda ta yi rajistar sauraron wani abu mai tsawon rai da += ba ta cire da -= ba. Manhajar da ke ƙara nauyi duk lokacin da aka buɗe aka rufe taga, wannan nake fara zargi.

Akwai ƙanana da ba sa buƙatar dogon bayani. Ka rubuta command=ajiye() da baka biyu, sai aikin ya gudana tun ana gina taga, maɓallin kuma ya zama ba ya komai. Ka gina maɓallai a madauki da lambda, duk su ɗauki ƙimar ƙarshe. Ka haɗa pack da grid a uwa ɗaya, Tk ya ƙi. Ka kira connect a wurin da ke gudana sau biyu, dannawa ɗaya ta ajiye abu sau biyu.

Abin da ya fi damuna a irin waɗannan manhajoji shi ne yadda suke haɗiye kuskure. Manhajar baƙin allo in ta faɗi, a gabanka take faɗin dalili. Mai taga kuwa, in aka gudanar da ita da pythonw, wato Python marar baƙin allo, ko aka ɗaure ta da PyInstaller, mai haɗa manhaja don rabawa, ba tare da baƙin allo ba, saƙon kuskuren ba shi da inda zai fita. Mai amfani zai ce maka kawai "na danna, bai yi komai ba". PyQt5 tun daga siga ta 5.5 ma rufe manhajar yake yi ɗungurungum in kuskure ya tsere daga kod ɗin Python ba a kama shi ba. Shi ya sa tun ranar farko nake sa fayil ɗin da manhaja ke rubuta tarihin aikinta, da lokaci da sunan zare a kowane layi. Sannan in ɗaura sys.excepthook, da threading.excepthook da ya zo a Python 3.8, da report_callback_exception in Tkinter ne, wato masu kama kuskuren da ya tsere, duk su zuba a wannan fayil. Aikin bai kai layi ashirin ba, kuma shi ne zai ba ka abin karantawa ranar da manhajar ta faɗi a kwamfutar da ba ka taɓa gani ba.

Kwamfutar wani kuwa, nan ne ragowar matsalolin suke jira. Windows yana ɗaukar ɗigo 96 a inci a matsayin kashi 100, don haka allon da aka saita a kashi 150 yana kan ɗigo 144. Manhajar da ba ta sanar cewa ta fahimci wannan ba, Windows zai miƙe hotonta, rubutu ya yi dishi-dishi. Wadda ta sanar amma ta kafa komai da lambobin fiksel, rubutu zai girma ya fi ƙarfin maɓallinsa. Qt 6 yana daidaita wannan da kansa, a Qt 5 kuwa tun daga 5.6 sai ka kunna. Ni ban yarda da kafa wuri da lamba ba sam. Bar wa mai tsara shimfiɗa, wato su grid da QVBoxLayout, ya auna da kansa, ka kuma ja tagar ka ƙanƙanta ta ka faɗaɗa ta ka ga abin da zai karye.

In manhajar Qt ta ƙi buɗewa tana kukan ba ta sami platform plugin ba, a Windows yawanci qwindows.dll ne babu a foldar platforms kusa da ita. windeployqt zai tattaro maka shi da sauran 'yan'uwansa, in kuma ka saita QT_DEBUG_PLUGINS zuwa 1 za ta gaya maka inda ta nema. In VCRUNTIME140.dll aka ce babu, kunshin Visual C++ Redistributable ne ba a girka ba. Hotunan da suka ɓace bayan ɗauri, yawanci don ka rubuta hanyar fayil ne daga foldar da kake aiki, alhali PyInstaller mai fayil ɗaya yana warware kayansa a wata foldar wucin gadi da za ka samu ta sys._MEIPASS. Saitin mai amfani kuma kada ka ajiye shi kusa da manhajar a Program Files, mai amfani na gama-gari ba shi da izinin rubutu a can, AppData ne wurinsa.

Duk waɗannan ba za ka gan su a taka kwamfutar ba, domin kayan aikinka sun riga sun girka komai. Kafin in ba kowa manhaja, ina buɗe sabon Windows a cikin VirtualBox, manhajar kwaikwayon kwamfuta, wanda babu Python, babu Qt, babu Visual Studio a kansa, in shiga da asusun da ba na shugaba ba, in ɗaga girman allo zuwa kashi 150, in cire intanet a tsakiyar aiki, sannan in danna maɓallin rufewa tun zaren aiki bai gama ba.