Kwana Biyu a Glengarry, Ƙasar Masu Suna Mac

Da hantsin wata Juma'a a farkon watan Agusta muka bar Otawa, babban birnin Kanada, ni da wani abokina da ya daɗe yana zaune a can, muka hau babbar hanya mai lamba 417 wadda ta nufi gabas. Tafiyar kamar sa'a ɗaya ce zuwa Maxville, wani ɗan ƙaramin gari a ƙaramar hukumar North Glengarry ta lardin Ontariyo. Da muka sauka daga babbar hanya, sai gonakin masara da waken soya suka rufe mu dama da hagu, ga shanun madara suna kiwo, ga dogayen rumbunan ƙarfe a bayan kowane gida. Abin da ya fara jan hankalina shi ne akwatunan wasiƙa da ke bakin hanya, domin sunayen da ke jikinsu kusan duk da Mac suka fara: MacDonald, MacLeod, MacMillan, MacRae. A harshen Gelik na mutanen tsaunukan Sikotland kalmar tana nufin ɗa, kamar yadda mu ma muke cewa ɗan wane, kuma yawan masu irin wannan suna ne ya sa aka raɗa wa garin Maxville.

Kakanninsu ba lokaci ɗaya suka iso ba. Na farko sun zo ne a 1784 daga kwarin Mohawk da ke New York, bayan sun goyi bayan Sarkin Ingila a yaƙin neman 'yancin Amurka, aka ci su da yaƙi, suka rasa gonakinsu. A 1786 wasu ɗaruruwa suka ƙetaro teku daga Knoydart da ke yammacin Sikotland, a zamanin da masu ƙasa a tsaunukan Sikotland suka fara tsauwala haya suna kuma korar talakawa domin su saki tumaki a filayen. Kowane ayari ya zo da sunan garinsu a baki, shi ya sa har yau ake samun Dunvegan da Lochiel a taswirar wannan yanki na Kanada.

Abin da ya kawo mu shi ne Wasannin Highland na Glengarry, wato wasannin gargajiya na mutanen tsaunukan Sikotland, waɗanda ake yi a Maxville tun 1948. Tun kafin mu ajiye mota muka fara jin busar algaitarsu mai jakar iska daga kowace kusurwa, domin ƙungiyoyin masu busa da ganga sun bazu a ƙarƙashin itatuwa kowa yana gwada sautinsa, kuma a nan ake gasar fitar da zakarun Arewacin Amurka. Na tsaya kusa da wani matashi ina kallon yadda yake hura jakar ta wani siririn bututu, yana matse ta da hammata domin kada sautin ya yanke lokacin da yake shaƙar numfashi. Mai busa algaita a ƙofar fada da kumatunsa yake yin wannan aiki, shi kuwa ya ɗora wa jaka.

Wasan da ya fi tsayar da ni shi ne jifan gungume. Ƙato yakan tallafo doguwar kututturar itace, mai tsawon kusan mita 6, a tafin hannuwansa, ya jingina ta da kafaɗa, ya ruga da ita 'yan taku, sannan ya wulla ta sama domin ta kifa ta faɗi. Na ɗauka nisa ake aunawa, har sai da wani dattijo da ke gefena, sanye da zanensu mai ninki wanda maza ke ɗaurawa a ƙugu, ya gyara mini zato. Alƙali yana bin bayan mai jifa ne ya duba ko gungumen ya kwanta sak, kamar hannun agogo a kan ƙarfe goma sha biyu. Na ga wani ƙaƙƙarfa ya yi jifa uku, gungumen ya ƙi juyawa ko sau ɗaya, mutane kuma suka tafa masa kamar shi ya ci.

Wannan dattijo ne ya ba ni labarin laƙabobinsu. Da yake masu suna Donald MacDonald ko John MacDonald sun yi yawa a da, sai ya zama ba a gane mutum sai an haɗa da sana'arsa, ko launin gashinsa, ko sunan mahaifinsa da na kakansa. Na yi dariya, domin na tuna unguwarmu da Muhammadu ya kai goma, kowa da inkiyarsa. Da na tambaye shi ko yana jin Gelik, sai ya ce gaisuwa kawai ya iya da 'yan baitocin waƙa; kakarsa ce ta tashi da harshen, iyayensa kuma suka bar shi. A yau Faransanci ne ake ji tare da Turanci a shagunan Alexandria, wani gari a yankin, saboda manoma masu jin Faransanci sun daɗe da shigowa daga lardin Kwibek, kuma 'ya'yansu na cikin masu rawa da busa a filin. A ganina abin da ya riƙe al'adar shi ne aikin gayya, domin masu tsaron ƙofa da masu shirya motoci da matan da ke sayar da abinci galibi maƙwabta ne da suka bar ayyukansu suka zo taimako.

Washegari da safe, kafin mu koma filin, muka gangara kudu zuwa kangon majami'ar St. Raphael, wadda aka gina ƙarƙashin jagorancin Alexander Macdonell, limamin Katolika da ya kawo tsofaffin sojojin rundunar Glengarry daga Sikotland a farkon ƙarni na 19. Gobara ta cinye rufinta a 1970, ta bar katangun dutse a tsaye, mutanen yankin kuma suka ƙi yarda a rushe su. Ciyawa ce yanzu shimfiɗar cikinta, sama kuma ita ce rufi. Na ɗan zaga maƙabartar da ke gefe ina karanta duwatsun, inda aka rubuta wa wasu sunan gundumar da aka haife su a Sikotland.

Da yamma muka dawo Maxville daidai lokacin da dukkan ƙungiyoyin suka haɗu a fili ɗaya, ɗaruruwan masu busa da ganga suna tafe sahu-sahu a kan sauti guda, har ina jin ƙarar a ƙirjina. Abokina ya matsa mu fita kafin cunkoso, amma sai da muka shafe fiye da rabin sa'a a layin motoci, wani yaro mai jar hula yana ba mu hannu har muka hau titi.