Tarihin Rayuwar Admiral Farragut, Kashi na Bakwai: Mashigin Mobile

Masu karatu, makon jiya mun tsaya a Port Hudson, a kogin Mississippi, inda a watan Maris na 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka tsakanin Arewa da Kudu, jirage biyu kacal cikin bakwai na Farragut, jagoran jiragen yaƙin Arewa a yankin, suka tsallake igwogin 'yan Kudu. Yau za mu sauka gaɓar jihar Alabama, safiyar 5 ga Agusta, 1864, Farragut yana da shekara 63.

Mobile ce babbar tashar ruwa da ta rage wa 'yan Kudu a Tekun Meksiko. Ƙofar mashigin tana tsakanin ganuwa biyu, Gaines daga yamma, Morgan daga gabas. An shuka nakiyoyi cikin ruwa jeri-jeri, aka bar siririyar hanya a gindin Morgan saboda jiragen fasa-ƙwauri, da jar alama mai yawo a ƙarshen nakiyoyin. Duk mai shiga sai ya bi ta bakin igwa.

Jirage 18 Farragut ya tara, 14 na katako, 4 masu sulken ƙarfe. Na katakon ya sa aka ɗaure su biyu-biyu, babba ta ɓangaren ganuwar Morgan, ƙarami a ɓoye a gefensa, don in an lalata injin ɗaya, ɗan'uwansa ya ja shi. An rataya sarƙoƙi a jikin jiragen daidai tukunyar tururi, aka jibga buhunan yashi kewaye da injuna. Ya jira lokacin cikowar teku domin ruwa ya tura gurgun jirgi ciki, ya kuma so iskar da za ta kaɗa hayaƙi zuwa idon masu harbi. Kafin ranar ma, Laftanar Watson, hadimin Farragut, ya sha shiga da kwalekwale cikin dare yana laluben nakiyoyin. A ganina wannan aikin dare ya fi duk abin da ake yayatawa game da ranar muhimmanci.

Jirgin Brooklyn ne a gaba, domin yana da igwogi masu harbi ta goshi da abin share nakiya. Hartford, jirgin Farragut, na biye. Da hayaƙi ya turnuƙe, sai dattijon ya kama igiyoyin jigon jirgi ya yi ta hawa don ya ga gaba. Kyaftin Drayton na Hartford ya tura wani matuƙi ya ɗaure shi da igiya, kada rauni ya jefo shi ƙasa.

Nan lissafi ya kwaɓe. Tecumseh, jagoran masu sulke, ya hango jirgin 'yan Kudu mai suna Tennessee, ya karkata yamma da jar alamar. Nakiya ta tashi a ƙarƙashinsa, ya nutse nan take da mutum 93 cikin 114, har da shugaban jirgin, Kwamanda Craven. Brooklyn ya tsaya, ya fara ja da baya, na bayansa suka cunkushe daidai inda igwogin Morgan suka fi cin rabonsu. Tsayuwa a wurin halaka ce, juyawa kuma babu fili. Farragut ya ba da umarni Hartford ya kewaye Brooklyn ta hagu, ya ratsa filin nakiyoyin da cikakken gudu, sauran suka bi sawunsa. Ma'aikata a cikin jirage sun riƙa jin kunamun nakiyoyi na ƙarasƙaras, amma ba wadda ta fashe, saboda daɗewa a ruwan gishiri ta sa sun yi tsatsa, albarushin ya jiƙe. Dabarar ɗauri kuwa ta yi rana a jirgin Oneida, wanda harsashi ya fasa wa tukunya, Galena ya ja shi ciki.

Saura Tennessee, ƙarƙashin Admiral Buchanan: igwa shida, sulke mai kaurin inci biyar zuwa shida. Shi kaɗai ya tunkari rundunar. Jiragen Farragut, Monongahela da Lackawanna, suka tunkuye shi, goshinsu ne ya ragargaje, kuma cikin ruɗani Lackawanna ya banke Hartford kansa. Lagon Tennessee yana wajen ƙirarsa. Injinsa ba ƙarfi, sarƙoƙin sitiyarinsa kuma a fili suke bisa dandamalin baya. Chickasaw, ɗaya daga masu sulken Farragut, ya manne masa ta baya yana ɗirka masa harsasan inci 11. Sarƙoƙin suka tsinke, bututun hayaƙi ya faɗi, murafan tagogin igwa suka maƙale, ƙafar Buchanan ta karye. Wajen ƙarfe goma na safe Kwamanda Johnston, kyaftin ɗin Tennessee, ya ɗaga farar tuta.

Ganuwar Gaines ta miƙa wuya ranar 8 ga Agusta, Morgan ranar 23. Birnin Mobile kansa bai faɗi ba sai Afrilu 1865, amma tashar ta rufe tun ranar yaƙin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi Farragut zuwa New York a watan Disamba na 1864, inda aka ƙirƙiro muƙamin mataimakin admiral saboda shi.