Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a daren da Baba ya ɓace a Alƙahira

Alhamdulillahi. Mun sauka Kano lafiya, mun iso Katsina lafiya. Baba yana ɗakinsa, idon da aka cire wa yana ya washe, har ya koma karatunsa na bayan asuba ba tare da wani ya riƙe masa fitila kusa da takarda ba. Tun da muka dawo nake son rubuta wannan saƙon, gajiya ta hana. Har yanzu in na kwanta sai in zabura, in ji kamar wayata na ƙara.

Ba sai na maimaita muku yadda Baba ya ɓace mana a cikin cunkoso kusa da masallacin Husaini a Alƙahira, inda muka kai shi aikin ido ba, da ku aka yi. Ku ne kuka yaɗa hotonsa a Facebook da WhatsApp tun daga bayan isha'i har gari ya waye, waɗanda na sani da waɗanda ban taɓa jin sunansu ba. Abin da kawai zan ƙara, saboda wanda bai taɓa zuwa ba, shi ne yanayin wurin. Masallacin Husaini da na Azhar titi ɗaya ne ya raba su, kasuwar Khan Khalili kuma tana manne da Husaini, lunguna ne cikin lunguna tun ƙarni na 14. Cunkoson filin nan bayan magariba ya fi na Kantin Kwari ana gobe sallah. A garin da mutanensa suka haura miliyan 20 muke neman tsoho ɗaya, mai farar riga da baƙin tabarau, ba waya a aljihunsa.

Lokacin da ba zan manta ba shi ne wajen ƙarfe biyun dare. Muna tsaye gefen titin Azhar, masu shaguna suna ta jan ƙofofinsu, Yaya tana rungume da ledar magungunansa. Sai ta buɗe ledar, ta dubi kwalin maganin suga, ta ce da ni, "Ya sha na yamma, kuma bai ci komai ba." Ƙafata ta kasa ɗaukata, na zauna a bakin titi. Duk wanda ke jinyar mai ciwon suga ya san abin da maganar nan take nufi. Daga nan na daina tsoron ɓata, na koma tsoron a kira mu a ce mu zo mu duba gawa.

Ashe a wannan lokacin Allah Ya riga Ya tanadar masa mutum. Baba ya bi titin Mu'izz ya yi kudu, yana zaton hanyar masaukinmu ce, har ya fita ta Bab Zuwaila, tsohuwar ƙofar garin da aka gina a 1092, mai hasumiya biyu a kanta. Gaba da ƙofar akwai layin masu ɗinkin tanti, Khayamiya, inda suke yanka ƙyalle kala-kala suna ɗinka ado da hannu. A nan wani dattijo maɗinki, yana shirin rufe shago, ya gan shi zaune a dakali, jiki na karkarwa, zufa na zuba duk da sanyin dare. Bai tsaya tambayar ko wane ne ba. Ya haɗa masa shayi mai sukari sosai irin nasu, ya riƙe masa kofin a baki don hannunsa ya kasa, ya aiki yaro ya sayo gurasa da wake. Da Baba ya ɗan farfaɗo, dattijon ya so kai shi wurin 'yan sanda, Baba ya riƙe hannunsa yana nuna ƙafa, ba za ta kai shi ko'ina ba. Sai mutumin nan ya sauko da kayan da ya ɗinka na sayarwa, aikin watanni, ya shimfiɗa masa a cikin shagon. Shi kuma ya fasa tafiya gida, ya kwana zaune a kujera a bakin ƙofa.

Ba su fahimci juna sosai ba. Baba Larabcin littafi ya iya, shi kuma na kasuwa yake yi, Katsina kuwa bai taɓa jin sunanta ba. Da asuba ya riƙe shi zuwa wani ƙaramin masallaci a layin. Bayan sallah Baba ya fara karatunsa da ka kamar yadda ya saba, limamin ya saurara, ya ji ruwayar Warshu ce, alhali su Hafsu suke karantawa. Nan ya gane baƙon daga yammacin Afirka yake ko ƙasashen Magrib, ya kira wani ɗalibin Azhar da ya sani. Ɗalibin ɗan Damagaram ne, kuma hoton Baba yana cikin wayarsa tun dare.

Da muka isa na tarar da Baba zaune yana shan shayi, an lulluɓa masa mayafi a kafaɗa. Na kama hannun dattijon nan na kasa magana. Na ciro duk abin da ke aljihuna, ya mayar mini da shi cikin aljihun da hannunsa, ransa ya ɗan ɓaci, ya ce ba a biyan mutum don ya kula da ubansa. Ya Allah, kamar yadda ya shimfiɗa wa mahaifina mafi kyawun abin da ya mallaka, Ka shimfiɗa masa rahama a kabarinsa. Ka tsare masa idanunsa da hannuwansa da yake neman halali da su. Ka sa 'ya'yansa su ji ƙansa, kada Ka bar shi ya wulaƙanta a tsufansa.

Na san ba a fallasa mai alheri, kuma na san wasu za su ce da ban faɗa ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Kawunmu na Rafindadi, kai ne ka turo kuɗin mota da daren nan tun kafin a nema, kana kira kana cewa in yi ta ambaton Allah. Goggo ta Ƙofar Ƙaura, ke kika tara mata aka kwana ana addu'a. Limamin unguwarmu ya sa almajirai suka sauke Alƙur'ani. Maiɗakina ta riƙe gida, ta zauna da Inna, ta san yadda ta lallaɓa ta har aka gan shi. Sai ɗalibanmu na Azhar, 'yan Najeriya da Nijar da Cadi da Ghana, da suka fito daga Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje, da tsakar dare suka raba lungunan tsakaninsu, wasunsu da darasi da safe. Tun ƙarnoni baya ɗaliban Barno suna da masaukinsu a cikin Azhar, kuma wallahi na ga jikokin waɗancan mutane da idona. Allah Ya buɗe muku ƙirji, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya mayar da ku ga iyayenku lafiya.

Akwai kuma waɗanda jininmu ɗaya, wasu a gidan Baba suka tashi, har yau ko "yaya mai jiki" ba mu ji daga gare su ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Baba ya tambaye ni ko sun kira, na yi shiru. Allah Ya haɗa kanmu.

Ni da Yaya mun so mu tattara mu dawo, Baba ya ce atafau. Ya ce ba zai zo Misra ya koma bai ziyarci Imam Suyuɗi ba, malamin da ake jan tafsirinsa a masallatanmu duk watan azumi, wanda ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha tun kafin rasuwarsa a 1505. Ɗaliban nan suka samo keken marasa lafiya, suka yi ta karɓa-karɓa. Suka kai shi kabarin Suyuɗi kusa da Bab Ƙarafa, ya daɗe yana addu'a yana hawaye. Suka kai shi wurin Imam Shafi'i, da maƙabartar manyan Malikiyya inda Ibnul Ƙasim da Ashhab suke, sannan masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, wanda aka kafa a shekara ta 21 bayan hijira. A gidan tarihin da ke kusa da nan, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021, ya tsaya a gaban Ramsis na biyu, wanda wasu ke cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, wasu kuma su ce ɗansa ne. Baba ya karanta ayar da ke cikin suratu Yunus kan gawar Fir'auna, ya ce mu fita.

A Giza keken ya riƙa nutsewa cikin yashi, yara biyu suka ɗaga shi cak har gindin dalar Khufu. Gini ne da ya kai shekara 4,500, tsayinsa na asali mita 146. Baba ya ɗaga kai a hankali yana bin duwatsun layi-layi har ƙololuwa, ya ce da ɗan Damagaram ɗin nan, "Yaro, ina ganin samansa." Mutumin da ya yi shekaru ba ya gane fuskar jikokinsa sai sun yi magana. Dukanmu muka yi hamdala a wurin.

Saƙonni da yawa ban amsa ba, ku yafe ni, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Masu son zuwa gaishe shi, bayan la'asar ya fi, don likita ya ce ya riƙa hutawa da rana. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu za a yi sauka da sadaka a ƙofar gida bayan an taso masallaci, kowa muna gayyatarsa. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya raba ku da irin wannan dare, Ya jiƙan iyayen da suka rigaye mu, Ya ƙara wa masu rai lafiya. Amin.