Ranar da Malamin Fizis ya sa muka rubuta a bayan littafi

Akwai wani tsohon littafin rubutuna na Fizis da har yau na kasa yarwa, bangon ya cinye, ɓera ma ya ɗan taɓa gefe, amma a shafin ƙarshe akwai layi ɗaya da na rubuta da jan biro muna aji biyu na babbar sakandare: 8 ga Afrilu 2024, Amurka. Malam ne yace kowa ya rubuta, wai ranar ce kusufin rana irin wanda muka gani zai dawo. A 2006 fa ake wannan magana, shekara 18 gani muke kamar ba za ta taɓa zuwa ba, wani ɗan bayan aji ma yace Malam ai lokacin mun yi jikoki, aka kwashe da dariya har da shi.

Ba zan kama sunansa ba don na san halinsa, ba ya so. Mu dai Malam Fizis muke ce masa, har matan unguwarsu haka suke kiran gidansa. Yanzu nima alli nake riƙewa, Fizis ɗin nake koyarwa shekara kusan 10, kuma rabin abun da na sani na koyarwa ba a kwaleji na samo shi ba, a wajen mutumin nan ne, wani tun ina ɗalibi wani kuma sai da na sha ƙasa tukunna na koma na same shi.

Shi labarinsa kullum daga 1969 yake farawa, duk wanda ya zauna ajinsa ya haddace. Yana ɗan shekara 11 ana tsakiyar yaƙin basasa, manya sun kewaye rediyo a shagon kawunsa suna jiran labarin bakin daga, sai aka ce ga wasu Amurkawa, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sun sauka kan wata a kumbon Apollo 11, ranar 20 ga Yuli. Yace gardama ta kaure, wani dattijo yace ƙaryar Bature ce, wani yace in ma sun je ai zamowa za su yi. Shi kuma abun da ya dame shi daban ne, yana ta tambaya wai tunda wata tafiya yake, ya akai suka san inda za su same shi? Ba wanda ya kula shi. Yace wannan tambayar ce ta kai shi Fizis kuma ita ta hana shi fita, don an sha yi masa tayin ya koma ofis a hedikwata ya huta da ƙurar alli ya ƙi.

Abu na farko da ya koya min da kunya na koye shi. Lab ɗin makarantarmu kullum a kulle yake, wai kar mu fasa kaya kafin masu duba makaranta su zo, to Malam bai tsaya jiran mabuɗi ba. Ya zo da zaren ɗinkin buhu da wani ƙaton noti na mota, ya kafa ƙusa a saman ƙofar aji ya rataya, ya auna tsawon mita 1 daidai, ya cire agogon hannunsa ya miƙa. Aikin shi ne ka ja notin kaɗan ka saki, ka ƙirga zuwa da dawowa sau 20, ka rubuta lokacin da ya ci, ka maimaita sau uku, daga nan ka fitar da ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Kowa ya san amsar littafi 9.8 ce. Ni da nake ganin kaina gwani sai na yi wayo, na fara daga amsar na dawo baya, na rubuta daƙiƙa 40.1 sau uku reras, 9.8 ta fito tas kamar an wanke ta. Wata yarinya da ke gaba ita 9.3 ta samu, tana ta ɓoye takardarta.

Malam ya ɗauki tawa ya daɗe yana kallo, sannan yace, ɗana, hannunka na'ura ne? Nace a'a Malam. Yace to ni shekara 20 ina danna agogon nan ban taɓa samun lamba ɗaya sau uku a jere ba, kai ka samu ran farko, ka taya ni murna na haifi wanda ya fi ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba, sai ya ɗauki ta yarinyar nan yace a zo a nemo inda 0.5 ɗin ya ɓata. Aka bi, ashe ita ta auna zaren ne zuwa saman notin ba tsakiyarsa ba. Darasin ranar gaba ɗaya a kan kuskurenta aka yi shi, kuma shi ne darasin da na fi tunawa a shekara ukun nan. A ƙarshe ya ƙara mana da cewa 9.8 ɗin ma ba ko'ina take haka ba, mu da muke kusa da tsakiyar duniya wajen 9.78 ce, can ƙuryar arewa inda ƙanƙara take ta kai 9.83. Ni na dafa lambar da ko ba ta garinmu ba ce.

Har yau in ina makin firaktikal na ga takarda ta yi kyau da yawa sai gabana ya faɗi. Kuma gaskiya laifin ba na yaran ba ne su kaɗai, mu malamai mu muke ba mai 9.8 maki mu ja wa mai 9.3 jan biro, to me kake so yaro ya koya?

Sai kusufin rana na 29 ga Maris 2006, ranar Laraba. Inuwar ta shigo ta Gana, ta bi Togo da Binin, ta ratsa Najeriya ta wajen Gusau da Katsina, ta haye Nijar ta nufi Libiya har Turkiyya, mu kuma Allah ya sa garinmu yana kan hanya. Tun saura wata guda Malam ya ajiye silabus gefe. Ya fara da tambayarmu nawa ga wata ake kusufin rana, muka yi shiru, yace ku je ku tambayi kakanninku yaushe wata ke zazzaɓi. Muka dawo da amsa, daren sha huɗu ko sha biyar, lokacin da ya cika. Yace to na rana kuma ba ya yiwuwa sai a ƙarshen wata, don sai wata ya shiga tsakaninmu da rana, ku duba kalanda. Muka duba, ƙarshen Safar ne. Nan take abun ya zauna, ba fomula ko ɗaya. Daga baya ne ya kawo lambobi, wai rana ta fi wata faɗi kusan sau 400 kuma ta fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa ɗan ƙaramin wata ke iya rufe ta ruf kamar murfin tukunya.

Ya hana mu kallo da gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, ya hana kallo a cikin kwanon ruwa, yace duk ido suke ci kuma ba za ka ji zafi ba sai aikin gama ya gama. Kwali muka huda da allura, ka juya wa rana baya hotonta ya faɗo kan farar takarda. Yace wannan dabarar Ibnul Haisam ya yi bayaninta, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira shekara wajen 1000 da suka wuce, don haka kar wanda ya ce masa kayan Turawa ne.

Ranar da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi, haske ya fara yin wani iri kamar an zuba masa toka. Abun da ban manta ba shi ne ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis, ɗigon hasken nan da ke ratsowa ta ganye duk sun koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a ƙasa, a jikin bango, har a kan rigunanmu. Malam bai faɗa mana za a ga haka ba, ya bari ne mu gani da kanmu, sai ihun wani ɗan aji ɗaya muka ji. Sannan duhu ya rufo, iska ta yi sanyi, kajin gidan maigadi suka nufi akurki, cikin gari kabbara ke tashi ta ko'ina. Ga wani farin gashi-gashi kewaye da baƙin faifai, ga tauraro ɗaya can gefe yana haske da rana tsaka. Malam ya nuna yace ga Gamzaki nan, kuma ita ce dai Zara matar wata, abu ɗaya ne, in ta fito da asuba mu ce Gamzaki in ta fito da magariba mu ce Zara. Na juya zan yi masa tambaya na ga hawaye a fuskarsa, sai na fasa. Duka-duka bai cika minti 4 ba.

Da aka je sallar kusufi aka dawo wani ya tambaye shi, Malam in dai ana iya lissafa abun tun kafin ya zo to meye na tsoro da sallah? Yace kai ba ka san lokacin faɗuwar rana ta gobe ba? Ka sani, kuma za ka yi magariba. Ya tuna mana hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi kusufi, mutane suka ce don rasuwar ne, aka gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Washegari ne ya kawo maganar zagayen da kusufi ke yi, duk bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8 irinsa ke dawowa, awa takwas ɗin nan kuma duniya ta juya kashi ɗaya cikin uku, don haka inuwar yamma za ta matsa. Ya lissafa a allo, shi ne abun da muka rubuta da jan biro.

Kar a ce ina ta yabo, mutumin yana da nasa. Malam bai taɓa gama silabus ba. In aka taɓo sama to an gama, sai a yi sati biyu ana zancen taurari, ɓangaren lantarki kuwa a guje muka wuce shi, da WAEC ta zo sai da wasunmu suka biya kuɗin lesin a waje, wanda ba shi da hali ya sha wuya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan talaka da ke neman kiredit. Shi ya sa da na fara koyarwa na rantse ni ba zan yi haka ba, na tsara komai sati-sati, fomula a allo, not a littafi, tambayoyin shekarun baya, na gama silabus har da saura. Ina ta jin daɗi. Ran nan da zafi na shigo aji na tambaye su me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, yara sama da 60 ba wanda ya ɗaga hannu, alhali satin da ya wuce suka rera min ma'anar ɓoyayyen zafi, wato zafin da ruwa ke kwashewa in zai zama tururi, da Turanci ba gargada. Kowannensu akwai randa a gidansu fa.

Da yamma na hau mashin na tafi wajen Malam, lokacin ya yi ritaya. Na zayyana masa, yace me suka gani da idonsu kafin ka rubuta? Nace ba komai. Yace gobe ka sa su shafa ruwa a bayan hannu su hura. Shikenan abun da ya faɗa, ya koma tambayata ya mutanen gida. Na yi hakan, na kuma kawo tukwane biyu, ƙarama cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka don ajiye kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000. Muka sa tumatir a ciki muka ajiye wani a waje, kwana uku yaran da kansu suke rige-rigen zuwa dubawa. Yanzu minti goman farko na kowane sabon babi na gani ne da taɓawa, sauran kuma silabus, don ni ba zan iya sakin sa kamar Malam ba, kuma ban yarda ya kamata a sake shi ba. Wani zangon abun ya yi, wani zangon lokaci ya ci ni.

8 ga Afrilu 2024 ta faɗo ran 29 ga azumi. Na ɗauki littafin nan da waya da na cika da data, bayan shan ruwa na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, idon ya fara rauni sai ya kawo wayar dab da hanci. Inuwar ta shiga ta Meziko ta bi Amurka ta fita ta Kanada, muna kallo kai tsaye, jikokinsa sun yi mana rumfa. Wani maƙwabci da ke wucewa yace Malam ko gobe sallah? Yace yanzu-yanzu watan ke gaban rana ga shi kana gani, me za a gani a yamma yau, ka shirya sahur. Aka cika 30, ran Laraba akai sallah.

Na nuna masa jan biron, ya shafa shafin bai ce komai ba, can yace to lissafa na gaba. Na lissafa, Afrilu 2042, wajen Indonesiya da Filifin. Yace wannan naku ne, ka sa yaranka su rubuta. Shi wanda yake hari na 2 ga Agusta 2027 ne, don inuwar ta kan Jidda da Makka za ta bi, wai tun bara ya shiga adashi saboda kuɗin Umara, kuma in na tashi zuwa wani satin in taho masa da kwali mai kauri da allura.