Girkin masu toshewar hanji

Mu huɗu ne a ɗakin girkin nan, kuma abincin marasa lafiya kaɗai muke dafawa. Waɗanda suka fi cin lokacina su ne masu toshewar hanji, irin wadda hanya ta tsuke amma ba ta rufe gaba ɗaya ba. Wasu tabon tiyata ne ya manne musu hanji, wasu sankara ce, wasu cutar Crohn, wadda ke sa hanji kumburi.

Ba na ɗora tukunya sai na ga takardar likita ko ta masanin abinci, domin daki-daki ake bi. Ana farawa da ruwa-ruwa, kamar romon da aka tace, sai mai ɗan kauri irin madara da yogot, sai markaɗaɗɗen abinci, sannan mai laushi marar dusa: farar shinkafa, ƙwai, kifi, dankalin da aka fere. Ba ni ke ɗaga mutum daga wannan mataki zuwa wancan ba.

Rabin aikinmu cirewa ne. Ɓawo, 'ya'yan tumatir, jijiyar nama, duk abin da ciki ba ya narkarwa, don shi ke curewa ya tsaya a wurin da ya tsuke. Gyaɗa, wake da masara ko ƙofarmu ba sa shigowa. Da farko na ɗauka blanda ta wadatar. Wata rana na markaɗa miyar kayan lambu ta yi sumul a ido, na ce bari dai in tace. Abin da ya rage a rariya, zare-zare da ƙwayoyi, ya cika cokali biyu. Gabana ya faɗi. Tun ranar komai sai ya bi ta rariya.

Wahalar ta fi yawa wajen dangi, kuma ba na ganin laifinsu. 'Yar wani dattijo ta kira ni muryarta na rawa: "Anti, Baba ya rame, ki ƙara masa ganye da wake mana." Na ce mata abin da ke gina mai lafiya shi ke iya kwantar da Baba a yanzu. Maimakon haka muka raba abincinsa ƙananan kwanoni shida a yini, muna ƙara mai da garin madara a ciki, yana taunawa sosai, yana kurɓar ruwa a hankali.

Kowane kwano da zai fita ina manna masa takarda: in amai ya zo, ciki ya kumbura yana murɗawa, ko bayan gida da iska suka ɗauke, a ajiye cokali a wuce asibiti, kada a tsaya kirana.