Gashin ƙashi a bayan doki: yadda ake yi da inda ake yin kuskure

A gashin da ake yi wa yara masu larurar gaɓoɓi a bayan doki, takun dokin shi ne maganin. Idan doki yana tafiya a hankali, bayansa kan karkaɗa ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, ya kuma ɗan juya shi, kusan yadda ƙugun mutum yake yi in yana tafiya da ƙafarsa. Doki kan yi taku kamar 100 a minti guda. Ke nan a minti 30 yaron da bai taɓa takawa ba zai sami wannan motsi kusan sau 3,000, kuma kowane taku sai jijiyoyin baya da na ciki sun yi aiki don kada ya zame.

Duniya ta fara lura da abin sosai a 1952, lokacin da Lis Hartel 'yar ƙasar Denmak, wadda shan inna ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa a wasan sarrafa doki na Olamfik a Helsinki. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki domin masu larura, wato RDA a Birtaniya, da wadda yanzu ake kira PATH a Amurka. Yaran da aka fi kaiwa su ne waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa har gaɓoɓi suka sandare. Gashin ba ya warkar da larurar, iyaye su san wannan tun farko. Abin da ake nema shi ne zama ya daidaita, wuya ya tsaya, cinyoyin da suka maƙale su saki.

Zaɓen doki shi ne inda aka fi faɗuwa, kuma a nan ya kamata mu masu al'adar hawa mu yi hattara. Ingarman da ya saba da hawan sallah, wanda aka horar a kan sukuwa da tsayawar farat ɗaya da linzami mai kaifi, bai dace ba ko kusa, komai kyansa. Ana son godiya mai sanyin hali ko dokin da aka yi wa dandaƙa, wanda ya kai shekara 8 ko fiye, mai tsayin santimita 140 zuwa 155 a doro, don masu tafiya a gefe su iya riƙe yaro ba tare da ɗaga hannu sama ba. Takunsa ya zama daidai. Doki mai ɗingishi, ko da kaɗan ne, karkataccen motsi zai koya wa yaro. Kafin a ɗora kowa, a shafe makonni ana saba masa da keken guragu, da ƙwallo, da ihun yara, da mutum biyu manne da haƙarƙarinsa. Nauyin mahayi haɗe da kayan hawa kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin.

Sirdi mai kwacciya da likkafa ajiye su ake yi. Shimfiɗa mai laushi ake sawa a ɗaure da maɗauri mai mariƙi, domin motsin ya isa ga ƙugu kai tsaye, ɗumin jikin dokin kuma, wanda ke wajen digiri 38, ya taimaka wajen sassauta tsoka. Da ragama ake jan dokin. Hular kwano ta hawa dole ce, kuma daidai kan yaron.

Mutum huɗu ake buƙata a kan yaro ɗaya: likitan gashi mai ba da umarni, mai jan doki wanda ba ruwansa da komai sai dokin, da mutum biyu a gefe, kowa ya ɗora damtse a kan cinyar yaron. Kuskuren masu gefe shi ne tausayi. Sai su tallafe yaro gaba ɗaya, jikinsa ya daina aiki, a gama zagaye ba a tsinana komai ba. Riƙon na kariya ne kawai. Likitan kan canza saurin tafiya, ya sa a tsaya a sake tashi, a bi da'ira, ko ya juya yaron ya fuskanci baya don ƙugu ya miƙe. Minti 30 sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Da zarar kai ya fara langaɓewa ko baya ya lanƙwashe, a sauke shi ko lokaci bai cika ba, domin gaɓar da ta gaji mugun zama take koya.

Akwai waɗanda ba a ɗorawa sam: mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, wanda kwankwasonsa ya goce, mai ƙashin baya da ya karkace sosai, mai gyambon zama. Yaro mai larurar Down, wadda ake haifar yaro da ita mai jinkirta girma da koyo, kuwa sai likita ya duba ƙashin wuyansa, don wasunsu gaɓoɓin saman wuyan ba su da ƙarfi, girgiza na iya taɓa laka.

Wani reshen kuma babu hawa a cikinsa, irin tsarin ƙungiyar Eagala da aka kafa a 1999. A ƙasa ake aiki da matasa masu saurin fushi, ko tsofaffin sojoji masu firgici, tare da masanin halayyar ɗan Adam. A ce wa mutum ya sa wa doki ragama, ya goge shi, ya bi da shi tsakanin sanduna. Doki dabba ce mai tsoro, in ka tunkare shi a fusace zai ja da baya, in ka sassauta numfashi ya matso. A kan abin da ya faru a filin ake tattaunawa daga baya. Binciken da ke goyon bayan wannan reshe bai kai na gashin gaɓoɓi ƙarfi ba, don haka kada a bar magani ko ganin likita saboda shi.

Shi ma dokin yana gajiya da ɗaukar mahayin da ba ya zama daidai. In ya fara kwantar da kunnuwa baya, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ko yana kai wa mai jansa cizo, a duba bayansa da kofatonsa, a rage masa aiki, a sake shi ya yi kiwo da 'yan'uwansa na wasu kwanaki kafin a sake ɗora yaro.