Awon da Ya Sauka, Na Ɗauka Sauƙi Ne

Yaron ɗan shekara 7 ne mai ciwon sikila, kuma ni na yi masa awon gudun jinin ƙwaƙwalwa na TCD har sau biyu. A karon farko gudun ya haura santimita 200 a daƙiƙa, iyakar da binciken STOP na Amurka ya tabbatar a 1998 cewa tana nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sai muka ɗora shi a kan maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya. Da ya dawo, gudun a ɓangaren hagu ya faɗi ƙasa da 70, na ce wa mahaifiyarsa: "Hajiya, alhamdu lillahi, magani ya karɓe shi."

Wannan maganar tana ci mini rai har yau. A ranar ta shaida mini cewa hannunsa na dama yakan saki idan ya yi kuka mai tsanani ko yana hura koko mai zafi, amma farin cikin lambar da na gani ya hana ni auna zancenta. Ashe jijiyar ce ta tsuke har ta kusa toshewa, shi ya sa jinin ya rage gudu.

Bayan wata 3 bakinsa ya karkace, aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Ƙarshen babbar jijiyar da ke kai jini daga wuya ya ƙanƙance, ƙananan jijiyoyi sun yi cincirindo a gindin ƙwaƙwalwa kamar hayaƙin da ya tashi, siffar da ta sa likitoci Suzuki da Takaku na Japan suka raɗa wa cutar suna moyamoya, wato abu mai kama da hayaƙi a harshensu, a 1969. A wani nau'in hoton MRI da ake kira FLAIR kuma ga fararen layuka suna bin lungunan saman ƙwaƙwalwa tamkar tsiron da ya yaɗu a bango, alamar jini yana tafiya da ƙyar, ga tabon tsofaffin shanyewa guda biyu da suka auku ba wanda ya sani. Da na nemi hoton nan tun ranar da awon ya sauka, da an fara yi masa ƙarin jini a kan kari.

Yanzu duk awon da ya faɗi kwatsam, musamman a ɓangare ɗaya, nakan nemi MRI da hoton jijiyoyi duk da tsadarsu, kuma nakan fara tambayar uwa abin da ke faruwa idan yaro ya yi kuka kafin in ɗora na'ura a kansa. Shi kuwa yaron yana tafiya da ƙafarsa, sai dai da hagu yake rubutu.